Inshorar Tafiya Ta Katin Banki: Yadda Matafiyi Zai Auna Ta Kafin Ya Dogara Da Ita

Inshorar tafiya ta katin banki alkawarin diyya ne da ke biye da wasu katunan biyan kuɗi, musamman katin bashi da manyan katunan da bankuna ke bai wa masu hulɗa mai nauyi da su. Idan mai katin ya fita tafiya wata asara ta same shi, kamar ciwon da ya taso masa ba zato a ƙasar waje, ko ɓatan jaka, ko jinkirin jirgi, ko fasa tafiya dole, ko haɗarin da ya kai ga nakasa ko rasa rai, akwai kamfanin da ya ɗauki alkawarin biya. Mai katin ba ya ciro wani kuɗi daban saboda wannan, shi ya sa ake tallata abin da sunan kyauta. Kuɗin kuwa yana nan, an cusa shi cikin abin da banki ke yanka duk shekara da kamashon da ake cira a kan kowane ciniki. Alkawarin kuma yana da sharuɗɗa, kuma su ne kaɗai ke nuna ko zai yi wa mutum rana.

Katin biyan kuɗi da matafiya tare suka taso. Diners Club ya fito a Amurka a 1950 don 'yan kasuwa masu yawan cin abinci a waje. American Express, wanda tun kafin nan sananne ne a harkar cekin matafiya, ya fitar da nasa katin a 1958, shekarar da Bank of America ya fitar da katin da ya koma Visa a 1976. Gasa ce ta sa waɗannan kamfanoni suka riƙa jibga wa katunansu alfarma iri-iri, har da inshora, don mutum ya sayi tikitin jirginsa da katinsu maimakon na abokin hamayya. Wannan manufa har yau ita ke tsara sharuɗɗan. An ƙirƙiri inshorar ne don a yi ciniki da katin, kuma wanda bai yi ciniki da shi ba galibi ba ya cikin lissafi.

Hannu huɗu ne a cikin lamarin. Akwai bankin da ya bayar da katin, akwai kamfanin da tambarinsa ke jiki, wato Visa ko Mastercard ko makamancinsu, akwai kamfanin inshorar da zai biya, wanda sau da yawa na ƙetare ne irin su AIG ko Chubb ko AXA, sannan akwai ofishin agajin gaggawa da ake kira ta waya idan abu ya faru. Ma'aikacin banki da ya miƙa katin a PZ ko a Tudun Wada cikin garin Zariya ba shi ke yanke hukunci a kan diyya ba, kuma abin da ya faɗa da baki ba ya ɗaure kowa. Abin da ke ɗaurewa shi ne kundin sharuɗɗan inshorar, wanda ake samu a shafin intanet na banki ko na kamfanin katin, ko a roƙa a rubuce.

Tambayar farko ita ce ko katin ma yana da inshorar. A Najeriya katin bashi na gaskiya, wanda banki ke biya wa mutum sannan ya biya daga baya, ba shi da yawa a hannun jama'a. Abin da ake miƙa wa masu POS a kasuwar Tudun Wada da bakin titin Kongo da Agoro katin cirar kuɗi ne, wanda ke ɗiba kai tsaye daga asusun mai shi: Verve na kamfanin Interswitch, ko AfriGo da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023, ko ƙananan katunan Visa da Mastercard. Irin waɗannan yawanci ba sa ɗauke da inshorar tafiya ƙasar waje. Katuna hawa-hawa ne. A gidan Visa ana tashi daga Classic zuwa Gold, Platinum, Signature, har Infinite. A gidan Mastercard daga Standard zuwa Gold, Platinum, World da World Elite. Cikakkiyar inshorar tafiya a matakan sama take, kuma ko a can ɗin ma abin da ke ciki yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, daga banki zuwa banki, daga bana zuwa baɗi. Launin zinariya a jikin kati ba hujja ba ce.

Zariya kuwa gari ne na matafiya. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello daga Samaru da Kongo suna zuwa taron ƙara wa juna sani a Turai da Asiya, likitocin asibitin koyarwa na Shika suna zuwa kwas, ɗalibai suna karatu a Masar da Indiya da Malesiya da Ingila, 'yan kasuwa suna saro kaya a Dubai da Gwanzu da Santambul, masu hali suna Umara a watan azumi, marasa lafiya kuma ana kai su Alƙahira ko Indiya. Kowanne da irin haɗarin da ke gabansa, kuma inshorar da ta wadaci malami mai tafiyar mako guda na iya zama ba ta da wani amfani ga ɗan kasuwa ko ɗalibi.

Sharaɗin da ya fi kayar da mutanen wannan yanki shi ne na yadda aka biya kuɗin tikiti. Yawancin waɗannan inshorori ba sa fara aiki sai an biya kuɗin jirgi da katin kansa, wasu gaba ɗaya, wasu wani kaso da aka ƙayyade, wasu kuma har sai tikitin ya zama na zuwa da dawowa. A nan kuwa al'ada ita ce a je wurin ejan a Zariya ko Kaduna ko Kano, a yi masa tiransifa ko a ƙirga masa tsaba, shi kuma ya yanko tikitin ta hanyarsa. A irin wannan ciniki katin bai taɓa tikitin ba ko kaɗan, ko da kuwa kuɗin daga asusun da katin ke kai suka fita. Wanda ya je wurin mai POS ya cire kuɗi da katin, mai POS ya tura wa ejan, shi ma bai cika sharaɗin ba, domin abin da takardar bayanin asusunsa za ta nuna shi ne cirar kuɗi a wani shago. Haka malamin da jami'a ko asusun TETFund ya biya masa tikiti, haka ɗan da mahaifinsa ya saya masa da wani katin daban.

Wannan al'ada tana da dalili. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a ƙasar waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. Shekarun nan sun ƙara tura mutane wurin ejan da 'yan canji. Duk da haka, wanda ke son inshorar katinsa ta yi aiki dole ya sayi tikitin da katin, ko a shafin kamfanin jirgin, ko a na'urar ejan mai rajista, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar tikiti da sunansa da shaidar cewa da wannan katin aka biya. Wasu katunan har suna buƙatar a yi rajistar tafiyar a intanet a fitar da takardar shaida tun kafin a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wannan aikin na makonnin da suka gabaci tashi ne.

Bayan haka sai a duba wa da wa aka rufe. Kundin yakan ce mai kati da matarsa ko mijinta da 'ya'yansu masu ƙarancin shekaru, a ɗaga wa ɗalibai ƙafa zuwa shekara ashirin da 'yan kai. An rubuta waɗannan kalmomi ne da tsarin iyalin wasu ƙasashe a zuciya. Gidan Bahaushe yana iya ƙunsar mata biyu ko fiye, da ɗan riƙo, da agola, da mahaifiya tsohuwa wadda ita ce ma dalilin zuwa Umarar. Ko kundin ya san da mata ta biyu, ko ya yarda da yaron da ba a haifa a gidan ba, tambaya ce da ya kamata a yi a rubuce, a adana amsar. Iyaye galibi ba sa ciki. Akwai kuma iyakar shekaru, inda kariyar lafiya ke raguwa ko ta yanke ga wanda ya manyanta, alhali shi ne ya fi buƙatarta. Wani abu da ake rainawa shi ne bambancin suna. Mutum yana iya zama da sunan unguwa ko na gari a fasfo, sunan kaka a banki, ranar haihuwa kuma ta takardar rantsuwa ta saɓa wa ta makaranta. Kamfanin da zai fitar da dubban daloli yana duba waɗannan da kyau, kuma saɓani kaɗan ya isa ya jinkirta biya na watanni.

Ɓangaren lafiya shi ne zuciyar inshorar tafiya, domin a nan ne asara ke iya fin ƙarfin mutum da danginsa. Ɓatan jaka ana jurewa. Kwana goma a ɗakin kulawa ta musamman a Amurka ko Jamus, ko ɗaukar marar lafiya a jirgin asibiti, wanda kuɗinsa ke kai dubun-dubatar daloli, yana iya cinye gida da gona. Inshorar lafiya ta cikin gida, ko ta hukumar NHIA ta tarayya ko ta KADCHMA ta Jihar Kaduna, a asibitocin Najeriya take aiki. Don haka abin da za a fara nema a kundin katin shi ne adadin da aka ware wa jinyar gaggawa da kwaso marar lafiya. Akwai katunan da ke tallata makudan kuɗi, amma idan aka karanta sai a ga diyyar mutuwa ko nakasa ce a haɗarin jirgi kawai, ba ruwanta da kuɗin asibiti. Akwai kuma waɗanda abin da suke bayarwa lambar waya ce da za a nuna wa mutum likita ko lauya, biya kuwa daga aljihunsa. Waɗannan uku, diyyar haɗari da kuɗin jinya da shawarar waya, abubuwa ne mabambanta, kuma talla takan haɗa su a layi guda.

Ko an sami adadi mai tsoka, akwai togaciyar tsohon ciwo. Kusan duk inshorar kati tana cire cutar da mutum ya san yana da ita kafin tafiya, da duk abin da ya biyo bayanta. Mai hawan jini da ya sami shanyewar ɓarin jiki a Dubai, mai ciwon suga da ƙafarsa ta yi gyambo a Madina, mai sikila da ciwon ya tashi masa saboda sanyin Ingila, duk ana iya ce musu abin da ya same su reshe ne na tsohon ciwo. A yankin da hawan jini da suga da sikila suka yi yawa kamar namu, wannan layi guda ya isa ya fitar da matafiya masu ɗimbin yawa. Inshorar da ake saya daban takan ba mutum dama ya bayyana ciwonsa, a ƙara masa kuɗi a rufe shi. Ta kati ba safai take da wannan ƙofa ba, domin riga ce da aka ɗinka wa kowa da kowa. Ciki ma yana da nasa sharaɗi, musamman idan ya tsufa, kuma haihuwar da aka shirya yi a waje ba ta ciki.

Wanda ya fita neman magani kuwa ba ya cikin wannan tsari ko kaɗan. Duk tafiyar da manufarta jinya ce, ko aikin ƙoda a Indiya ko na ido a Masar, an cire ta a fili, haka tafiyar da likita ya hana. Mai rakiya, idan shi ne mai katin kuma da shi aka sayi tikitinsa, zai iya samun kariya ga kansa, amma ba ga wanda yake jinya ba. Ya kamata iyalai su san wannan tun suna lissafin kuɗin tafiya, kada su rage guzuri da zaton akwai wani tudun dafawa a katin.

Idan rai ya yi halinsa a waje, kundin yakan yi maganar dawo da gawa gida. Musulmi da yawa sun fi son a yi wa mamaci sutura a inda ya cika, ba tare da jinkiri ba, balle idan a Makka ne ko Madina. Sai a duba ko inshorar tana biyan kuɗin binnewa a can, da ko tana ɗaukar nauyin tikitin ɗan'uwa guda da zai je ya tsaya a kan lamarin.

Aikin Hajji yana da nasa tsari. Maniyyaci daga Zariya yana zuba kuɗinsa ne a asusun hukumar alhazai ta jiha, ko ta adashin gata na Hajji da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta fara tare da bankin Jaiz a 2020, ko wurin kamfanin jirgin yawo. Ba a sayen kujera da kati kai tsaye daga kamfanin jirgi, don haka inshorar kati ba ta cika shiga wannan tafiya ba. Kulawar lafiya tana hannun tawagar likitocin alhazai da asibitocin Saudiyya. Game da Umara, tun 2020 Saudiyya ta sanya inshorar jinyar gaggawa cikin kuɗin biza. Mai Umara ya riga ya biya wata kariya ke nan, ko bai sani ba, kuma yana da kyau ya nemi takardarta daga ejan. Abin da kati zai iya ƙara masa shi ne abin da ya faru a hanya, a wuraren yada zango irin su Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha.

Ga mai neman bizar Turai kuwa akwai ma'auni a rubuce. Dokar bizar yankin Shengen ta 2009 ta wajabta inshorar lafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, mai aiki a dukkan ƙasashen yankin, na tsawon duk kwanakin zama, wadda ta haɗa da jinyar gaggawa da kwantarwa a asibiti da mayar da mutum gida, da rai ko ba rai. Inshorar kati tana iya karɓuwa idan ta cika waɗannan, amma ofishin jakadanci takardar shaida yake nema mai sunan matafiyi da adadin kuɗi da kwanakin da ta ƙunsa, ba hoton kati ko takardar talla ba. Akwai kuma ƙulli a nan: inshorar katin ba ta aiki sai an sayi tikiti, mutane da yawa kuwa ba sa sayen tikiti sai biza ta fito. Shi ya sa masu neman biza kan ƙare da sayen inshora daban daga kamfanonin gida irin su Leadway ko AIICO ko AXA Mansard. Ƙin bayar da biza shi kansa yawanci ba ya cikin dalilan da ake biyan diyyar fasa tafiya.

A kan kaya, kamfanin jirgi ne na farko da alhaki ke kansa. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Najeriya ta shigar cikin dokokinta na sufurin sama, ta ɗora wa kamfanin jirgi diyyar jakar da ta ɓata ko ta lalace ko ta makara, har zuwa iyakar da aka ɗaga a ƙarshen Disamban 2024 zuwa 1,519 a ma'aunin SDR na Asusun Lamuni na Duniya, wato kusan dala 2,000 ga kowane fasinja. Ana kai ƙorafin lalacewa a rubuce cikin kwana 7, na makara cikin kwana 21, kuma jakar da ta kwana 21 ba ta iso ba ana iya ɗaukarta ɓatacciya. Inshorar kati galibi cike giɓi take yi bayan kamfanin jirgi ya biya nasa, don haka za ta nemi takardar rahoton da aka cike a teburin kaya kafin a bar filin jirgi, da ɗan tikitin jaka da ake mannawa a bayan katin shiga jirgi. Fasinjan da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ya gaji, ya kama hanyar Zariya da niyyar zai kira gobe, ya riga ya raunana hujjarsa.

A nan ne kuma ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido sosai. Abin da inshorar ke nufi da kaya shi ne tufafi da kayan amfanin matafiyi. Hajar sayarwa ba ta ciki: atamfa da leshi da abaya da turare da wayoyin da aka saro don shago duk an cire su, komai yawan kuɗin awon da aka biya. Tsabar kuɗi da gwal da kayan lantarki masu tsada, idan an sa su a jakar da aka miƙa wa kamfanin jirgi a wurin awo, su ma an cire su ko an yanka musu iyaka ƙanƙanuwa, kuma kowane abu guda yana da ƙololuwar da ba a wucewa, bayan an rage darajar tsufa. Abin da kwastan ko wata hukuma ta ƙwace ba a biya. Kayan da aka turo ta kago kuwa inshorarsu daban ce, ta jigilar haja, wadda ake yi da kamfanin inshora ko ta hannun mai jigilar. Ɗan kasuwar da jarinsa ke cikin jakunkuna bai kamata ya lissafa katinsa cikin masu tsare masa dukiya ba.

Diyyar jinkiri ƙarama ce: kuɗin abinci da masauki bayan jirgi ya makara na wasu sa'o'i da aka ƙayyade, huɗu ko shida ko goma sha biyu, da sharaɗin a kawo wasiƙar kamfanin jirgi da rasit. Tana da daɗi, amma ba don ita ake neman inshora ba, tunda dokar Tarayyar Turai ta 2004 ma tana tilasta wa kamfanoni biyan diyyar da ke iya kai Yuro 600 a dogayen tafiye-tafiyen da ta shafa, hukumar sufurin sama ta NCAA kuma tana da nata ƙa'idojin kare fasinja a Najeriya.

Fasa tafiya ya fi nauyi, kuma dalilan da ake karɓa a lissafe suke: ciwo mai tsanani, rasuwar makusanci, gobara a gida da makamantansu. Abubuwan da suka fi katse wa mutanen Arewa tafiya a shekarun nan kuwa mafi yawansu suna cikin jerin togaciya. A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara saboda annobar korona, aka kuma yi Hajjin 2020 da na 2021 babu baƙi daga waje. A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suka fito a motoci zuwa iyakar Masar kafin gwamnati ta kwaso su a jirage. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyaka na tsawon watanni. Yaƙi da tarzoma da matakin gwamnati, a wasu kundayen har da annoba da ta'addanci, su ne abubuwan da inshora ta saba nesanta kanta da su. Wasu kundayen kuma suna janye kariya daga duk ƙasar da wata gwamnatin waje ta gargaɗi 'yan ƙasarta da zuwa, sai a duba gargaɗin wace gwamnati ake bi.

Tafiyar cikin gida ma ba safai take ciki ba, domin kariyar lafiya takan fara ne bayan an fita ƙasar da mutum ke zaune. Hanyar Zariya zuwa Kano ko Kaduna ko Abuja don kama jirgi, wadda mai yiwuwa ta fi sauran tafiyar haɗari, tana iya zama a waje da alkawarin. Motar haya daga Kwangila, ko wadda ke zuwa Maraɗi da Damagaram, da tsaba ake biyanta, ba ta da alaƙa da kati. Akwai kuma iyakar kwanaki, sau da yawa 30 ko 60 ko 90 a kowace fita. Ɗalibin da zai yi zangon karatu, ko malamin da zai yi shekarar hutun bincike, ya zarce wannan iyaka, inshorar makarantarsa ko ta ƙasar da ya je ita ce tasa.

Wajen auna tsada, a kwatanta kuɗin shekara na katin da farashin inshorar da za a saya daban don tafiye-tafiyen da mutum ke yi da gaske. Wanda ke fita sau da yawa a shekara, gajeru-gajeru, lafiyarsa ƙalau, da katinsa yake sayen tikiti, yana iya cin riba. Wanda ke fita sau ɗaya a shekara biyu asara zai yi idan ya riƙe babban kati saboda inshora kawai. Katin bashi kuma yana da kuɗin ruwa da ake lissafawa wata-wata, a ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024; wanda ya sayi tikiti da shi bai biya a kan lokaci ba, ruwan wata biyu ko uku yana iya fin kuɗin inshora mai kyau. A duba kason farko da mai kati ke biya da kansa a kowace asara: idan, a misali, dala 100 ne kuma kuɗin asibiti dala 150, abin da za a mayar masa 50 ne. A duba da wane kuɗi za a biya da kuma canjin wace rana, domin naira da ke wajen 460 a dala a kasuwar gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024.

Ga Musulmi akwai ma'aunin shari'a, kuma a garin malamai kamar Zariya ba a tsallake shi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disamban 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari, wato rashin tabbas, mai ɓata ciniki, ta nuna inshorar taimakekeniya a matsayin mafita. A zamanta na Riyad a shekarar 2000 ta hana katin bashi mai sharaɗin ruwa, ko da mai shi yana da niyyar biya kafin ruwan ya hau. Wasu malamai suna sassautawa a kan inshorar da ta zo a biye da wani ciniki ba tare da an saye ta ita kaɗai ba, ko wadda hukuma ta tilasta kamar ta biza. Wasu ba su yarda ba. Tsarin takaful, wato inshorar taimakekeniya, wanda ya fara a Sudan a 1979, ya samu ƙa'idojinsa a Najeriya daga hukumar inshora ta NAICOM a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Mai wannan damuwa sai ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma tambayi waɗannan kamfanoni abin da suke da shi na tafiya.

Idan abin ya faru, matakin farko shi ne kiran lambar agajin gaggawa, tun kafin a kwantar da mutum idan hali ya yi, ko da zarar an samu sarari. Ofishin ne ke ba asibiti tabbacin biya. Wanda bai kira ba yana iya biya da kansa ya zo yana neman a mayar masa, wani lokacin a rage, wani lokacin a hana. Lambar da kwafin kundin ya kamata su kasance a waya da kuma a takarda, wani na gida ma ya riƙe kwafi. Sata tana buƙatar rahoton 'yan sandan ƙasar da abin ya faru, galibi cikin sa'o'i 24 ko 48. Rahoton likita, rasit na asali, hatimin shiga da fita a fasfo, katin shiga jirgi da bayanin asusu mai nuna sayen tikiti duk za a nema, kuma akwai wa'adin sanarwa da na miƙa takardu, wanda ke iya ƙarewa kafin mutum ya gama karɓar 'yan barka da sauka.

Akwai wata kariya da ke jikin kati wadda ba inshora ba ce: idan an biya kamfanin jirgi ko otal da kati bai yi aikin ba, mai katin yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin ta tsarin Visa ko Mastercard, cikin wa'adin da yawanci bai wuce kwana 120 ba. Wanda ya biya ta tiransifa ba shi da wannan dama.

Idan an ƙi biyan diyya, a nemi dalilin a rubuce tare da sashen kundin da aka dogara da shi, a ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Ƙorafin da ya shafi banki ana fara kai shi bankin ne, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba a kai Sashen Kare Masu Hulɗa na Babban Banki. Wanda ya shafi kamfanin inshora mai lasisin Najeriya yana zuwa NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 don sa ido a kan harkar, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Idan kamfanin da ya ɗauki nauyin biya a ƙetare yake, ikon hukumomin gida a kansa taƙaitacce ne, kuma kundin yakan ambaci dokar ƙasar da za a bi da kotun da za a je, a wani sashe da ke kusa da shafin ƙarshe.